Kwanon Wutar Cyril

A duk garin Hoonah babu wanda ya taɓa miƙa wa Lavina kifi ta karɓa ba ta danna shi da babban yatsa ba. Ko limamin coci ne ya kawo, sai ta danna, ta duba idon kifin, ta sunsuna, sannan ta tambayi ranar da ya fito daga ruwa. In ka ce jiya, sai ta kafe ka da ido ta ce jiya da safe ko jiya da yamma. Masunta kan ce gara ka ci karo da ma'aikacin gwamnati mai duba kamu da ka ci karo da ita a matsayar jirage, don shi yakan gaji ya tafi.

Ba da halin aka haife ta ba, aiki ne ya koya mata. Tana da shekara goma sha biyar ta shiga kamfanin cusa kifi a gwangwani da ke can ƙarshen gari, ta ga da idonta irin abin da ake turawa ciki in jirage sun yi jinkiri kuma rana ta buɗe. Da kamfanin ya rufe ta koma kicin ɗin makaranta, ta yi shekara ashirin da shida tana ciyar da yaran da ke cusa abincin da ba sa so cikin kwalin madara, su kawo mata faranti fes suna murmushi. Rabin magidantan garin nan ta taɓa kama su da wannan. Daga nan ta tsayar a ranta cewa duk abin da aka lulluɓe akwai abin da ake ɓoyewa, kuma da wannan ma'aunin take auna girkin kowa.

Ba wai ba ta iya sauran hanyoyin ba. Ta iya, ta ma fi masu taƙama da su. Kifin kod, mai nama ruwa-ruwa, ta yarda a tsoma shi a kwaɓin fulawa a soya, don shi ba shi da wani ɗanɗano na kansa. Baƙin kod mai maiƙo a yi masa banda kwana biyu, sannan a turara. Jan kifin duwatsu a tsattsaga masa jiki a soya shi ɗungurungum. Kan kifin halibut na miya ne, kumatunsa kuma bota kaɗan a kasko, juyi ɗaya a sauke. Wanda za a ajiye saboda lokacin sanyi a yanka shi siri-siri a shanya ya bushe ƙayau. Amma a ɗauki halibut sabo, wannan farin kifi mai faɗin ƙyauren ɗakin banda, a binne shi ƙarƙashin mayonis da albasa a tura tanderu kamar yadda matan coci ke yi, wannan a wurin Lavina shaida ce cewa kifin ya shekara a firiza. Mai soya shi a kwaɓi kuwa, ko dai ba ta san abin da Allah ya ba ta ba, ko ta sani kuma tana da dalilinta.

Dahuwarta ita ba ta da ado. Dankali da albasa a ruwan gishiri har su nuna. Sai a sauke tukunyar daga wuta gaba ɗaya, a jera yankakken kifin a ciki, a rufe, kada ruwan ya sake ko motsi. Zafin da ya rage shi zai dafa. A zuba a kwano, a marmasa busasshen ganyen teku a kai, a ɗiga cokali ɗaya na man kifi. In ka tambaye ta minti nawa ba za ta iya faɗa maka ba, don ba ta taɓa duba agogo ba. Da mijinta Cyril take awo. In ta ji takunsa a matakalar ƙofa sai ta zuba kifin. Kafin ya cire takalman roba, ya rataye rigar ruwa, ya wanke hannu, ya yi ɗan tarin nan nasa na neman a san ya dawo, ya ja kujera, kifi ya yi. Shekara arba'in da uku ana haka.

Cyril ba mai yawan magana ba ne, yabo kuwa ko kusa. Ya cinye, ya suɗe kwanon da burodi, ya ce "To," ya tashi. Da wannan kaɗai ne da Lavina ta zauna lafiya. Amma akwai ranar Alhamis.

Yana da yaya mace, Eunice, gwanar suya, wadda kwaɓinta ya yi suna har birnin Juneau. A makon bikin Cyril da Lavina, Eunice ta ɗanɗana dahuwar amarya, ta ajiye cokali ta ce wannan ai abincin majinyata ne, ko ƙaninta ba shi da lafiya ne ba a gaya mata ba. Aka yi dariya. Lavina ma ta yi, ta kuma adana maganar inda ba za ta ɓata ba. Tun daga lokacin, duk Alhamis da rana sai Cyril ya ce zai leƙa gidan Yaya ya duba mata bututun murhu. Sai ya dawo rigarsa ta ulu tana ƙaurin mai, ya ci rabin kwano ya ce cikinsa ne. Babu bututun da ke lalacewa duk mako har shekara arba'in. Matar da ke tsare kifi da tambaya ba ta taɓa iya tambayar mijinta wannan ba, saboda tsoron amsar take yi.

Ya rasu a watan Satumban bara, a asibiti a Juneau, ciwon zuciya. Dangin garin ɓangare biyu ne, Hankaka da Gaggafa. Shi Hankaka ne ta wajen uwarsa, ita kuwa Gaggafa ce, da ita da 'ya'yanta, tun da a nan gidan uwa ɗa yake bi. Gaggafa suka ɗauki gawa, suka haƙa kabari, suka dafa wa masu makoki, kamar yadda aka saba. Bayan shekara sai Hankaka su tara gari su yi walimar godiya, a share hawaye. A ranar matar mamaci baƙuwa ce. Ba ta taɓa tukunya, ba ta sa baki, zama za ta yi a ciyar da ita. A ranar ne kuma ake fito da kwanon wuta: dangin mamaci su dafa abincin da ya fi so a duniya, a kira sunansa, a miƙa wa wani daga ɗaya ɓangaren ya ci a madadinsa. A da wuta ake bai wa, yanzu bakin mai rai, kuma abin da mai cin ya ji a harshensa shi mamacin ya ji. Kwanon Cyril, Eunice ce za ta dafa, Lavina ce za ta ci.

Ta riga ta san abin da za ta tarar in ta buɗe. Soyayyen kifi, ja-wur, yana naso. A gaban mutum ɗari uku za a nuna cewa haƙuri bawan Allah ya yi ta yi da girkinta, abin da yake so yana can gidan yayarsa. Kuma ita za ta tauna ta haɗiye, ta yi godiya. Abin da ya fi cin ranta ba kunyar ba ce. Tana tsoron kada ya zama gaskiya ne.

Ana cikin haka, ƙarshen watan Agusta, sai ga Eunice a ƙofa da sandarta da kwalbar 'ya'yan itace da ta dafa da sukari. Rabonta da shiga kicin ɗin nan tun ranar da aka yi wa Trudy, 'yar autar Lavina, baftisma, yanzu kuwa Trudy na da jika a hanya. Ta zauna, ta sha kofi, ta yi zancen ciwon gwiwa, amma idonta na kan tukwanen da ke rataye. Can ta nuna wata mai kauri ta tambaya ko a ciki ake dafa wa Cyril. Lavina ta ce duk tukunya tukunya ce. Da baƙuwar ta tafi ta ɗaga kwalbar a hasken taga, ta danna murfin ta ji ko ya kama, ta tura ta can ƙuryar kabad ba ta buɗe ba.

Bayan mako guda Trudy ta zo da labari. Gwaggo Eunice ta buga mata waya tana tambayar wurin wa Mama take samun man kifi, kuma ganyen tekun na wace gaɓa ne. Ban da haka, 'ya'yan Eunice sun kawo mata halibut har sau uku, kuma maƙwabta suna ta samun kwanon dafaffen kifi daga gidanta, ita da ba a taɓa ganin ta dafa kifi da ruwa ba. Wai har tsayawa take yi a ƙofa sai an ɗanɗana ta ji abin da za a ce.

"Mama, ƙila koya take so ta yi," in ji Trudy.

"Tana da shekara saba'in da takwas za ta koyi dafa kifi? Yawo take yi da shi gida-gida a ɗanɗana a ce lami ne. In ranar ta zo kowa ya ce ai gara da ta soya."

"Ke dai Mama, ko ruwan sama ne sai kin tambaye shi wa ya aiko shi."

"Da kin yi tambaya kafin ki auri wancan na farkon, da kin huta da zaryar kotu."

Trudy ta ɗauki makullin motarta ta yi gaba. Ranar Alhamis Lavina ta sa rigar ruwa ta bi ta ƙofar gidan Eunice kamar za ta gidan waya, ta rage tafiya daidai tagar kicin, ta ja numfashi. Babu ƙaurin mai ko kaɗan, sai ƙamshin albasa da ruwan zafi. Da wani ne ya ji haka, da hankalinsa ya kwanta. Ita kuwa ta ce lalle matar nan ta fi yadda take zato wayo, suyar a gidan 'yarta take gwadawa don kada a ji.

Saura mako uku walima Eunice ta sake dawowa. Wannan karon ba ta kawo komai ba, ba ta kuma zauna ba. Ta tsaya a bakin ƙofar kicin ta dogara da sanda, tana haki saboda matakala, fuskarta a murtuke irin ta wanda roƙo yake yi wa wuya.

"Matar ƙanena, ba zan yi ta kewaye-kewaye ba. Kifin nan naki, minti nawa yake yi a wuta?"

"Me za ki yi da abincin majinyata, Yaya?"

"Har yanzu kina riƙe da wannan? Haƙorana ma da na faɗe ta da su sun zube. Tambayarki na yi."

Lavina ta dube ta sama da ƙasa. A take ta gama lissafinta: suyar za ta shiga kwanon wuta, dahuwar kuma a raba wa teburan baya, a ce ga irin wanda matarsa ke ba shi, kowa ya gwada ya gani. In haka ne, ba da hannunta za a yi mata tsiya ba. Ta juya tana goge teburin da babu abin gogewa a kai, ta ce a zuba kifin tare da dankali, a bar shi ya tafasa sosai, rabin awa.

Eunice ta dube ta. Ta ce rabin awa bai yi yawa ba? Lavina ta ce haka yake so. Eunice ta maimaita a hankali kamar mai haddar lambar waya, ta gyaɗa kai, ta ce ta gode, ta juya.

Daɗin ƙaryar bai wuce lokacin da tsohuwar ta ɗauka tana sauka matakala ba, taku ɗaya sanda ɗaya. Bayan nan Lavina ta ajiye tsumman gogewar ta zauna. Ba ta taɓa yi wa kowa ƙarya a kan abinci ba, ko yaran makaranta in miya ta ƙone gaya musu take yi. Sau ɗaya cikin makonnin ta ɗauki waya, har ta danna lamba uku, sai ta tuna ƙaurin mai a rigar ulu, ta ajiye. Ta gaya wa kanta cewa ai godiyar ma da Eunice ta yi akwai wani abu a ƙarƙashinta.

Ranar ta zo, Asabar ta ƙarshen Oktoba, ruwa na zuba tun safe. Zauren gari ya cika da mutanen da jirgin fito ya kawo daga Angoon da Juneau. Hankaka suka tsaya a gaba cikin bargunansu masu maɓallai, aka buga ganga, aka yi waƙoƙin makoki, Gaggafa suka tashi ɗaya bayan ɗaya suka yi musu ta'aziyya. Da la'asar aka goge baƙin makokin da aka shafa a fuska, aka ce kuka ya ƙare. Lavina na zaune a layin farko, Trudy a gefenta, hannuwanta a cinya, ta shirya fuskar da za ta karɓi soyayyen kifi da ita. Tun da safe take gwada fuskar a madubi.

Aka fara fito da kwanonin wuta, don ba Cyril kaɗai ake tunawa ba. Na wata tsohuwa ƙwan kifi ne a kan reshen itace, na wani saurayi da teku ta ci kuma lemon kwalba da biskit, aka yi 'yar dariya mai haɗe da hawaye. Sannan Eunice ta tashi. Ta bai wa ɗanta sandar, ta riƙe kwanon da hannu biyu, a rufe da farin ƙyalle.

Ta ce kowa a zauren nan ya san ƙaninta ya ci suyarta duk Alhamis, ba za ta tsaya a gaban jama'a ta yi ƙarya ba, har ƙari yake nema. Likita ya hana shi mai, ita kuma tun yana goye ba ta iya hana shi komai. Aka yi dariya. Lavina ta ji fuskar da ta shirya tana neman zamewa.

"Amma a asibiti," in ji Eunice, "da matarsa ta fita neman ruwa, ya kamo hannuna ya ce, Yaya, in lokacin kwano ya yi kada ki sa suyarki. Suyarki ta marmari ce. Ki sa abincin gidana. Na ce ban iya ba. Ya ce ki tambaye ta, za ta ba ki wuya, amma ki tambaya. To na tambaya. Na yi shi yadda ta koya mini, rabin awa cif, ban ƙara ba ban rage ba."

Ta ɗaga kwanon ta kira sunan Cyril, na coci da na gida. Ana jiran mai cin kwanon ta amsa. Sai da Trudy ta taɓa ta da gwiwar hannu sannan Lavina ta ce, "A kawo nan," da muryar da ita kanta ba ta gane ba.

Ta ɗaga ƙyallen. Komai na nan. Dankali, albasa, ganyen teku na gaɓar da take ɗiba, man kifi na mutumin da take karɓa a wurinsa. Kifin kuwa ya ƙanƙance ya dunƙule, gefensa ya zare kamar bakin tsumma. Ba sai ta danna ba. Halibut ne mai kyau, na safiyar ranar, duk wanda ya san kifi zai gani, kuma wuta ta kashe shi. Ta sa cokali ta kai baki. Ya bushe, ya yi tauri, yana maƙalewa a haƙori. Ta yi ta tauna yana ƙin wucewa, tana jin idon mutum ɗari uku a kanta, tana kuma sane da wanda yake ci da bakinta. Shekara guda yana jiran abincin gidansa, ga abin da ta aika masa.

Eunice ba ta koma wurinta ba. Ta sunkuyo da ƙyar, ta dafa kujera, ta yi magana yadda su biyu kaɗai za su ji.

"Haka yake so?"

Lavina ta so ta gyaɗa kai, da shi ke nan an wuce wurin. Ta kasa.

"A'a, Yaya. Ƙarya na yi miki. Ba a barin ya tafasa ko kaɗan."

"Na yi zargin haka," in ji Eunice. "Sau biyu na gwada, ko karen gidana sai da ya yi shawara. Na ce ƙanena bai ci wannan shekara arba'in ba. Amma ke ce matarsa, ya ce in tambaye ki, abin da kika faɗa shi zan sa."

Lavina ta ɗago ta dubi fuskar tsohuwar, tana neman alamar ramuwa ko murna, irin abin da ta ƙware wajen ganowa. Ta duba da kyau. Gajiya kawai ta gani, da jan ido na mai kukan ƙaninta.

"Ki ci," in ji Eunice. "Ba a mayar da kwano da saura."

Aka kira sunan mamaci na gaba, wani daga baya ya amsa. Lavina ta sunkuyar da kai ta ci gaba da ci, hawaye na sauka cikin romon, tana neman gafarar mijinta a zuci da kowace loma. Ta daɗe kafin ta gama, Eunice na tsaye a kanta ba sanda har ta cinye.